Darasi na 12: Arzikin Teku da Haƙƙin Mutanen Gaɓa

Mutumin da aka haifa a Ƙofar Kaura, ya yi ƙuruciyarsa a gindin ganuwar Katsina, ya girma bai taɓa ganin ruwan da ya fi na Ajiwa ko na Zobe faɗi ba, in aka ce masa darasin yau a kan teku ne, ba mamaki ya ce a ransa wannan magana ta mutanen kudu ce, tun da yake tsakaninsa da Ikko akwai tafiyar fiye da kilomita 1,000. Amma in ya yi haƙuri ya leƙa madafar gidansa, zai tarar teku ya riga ya iso masa har cikin tukunya. Kifin ƙanƙaran nan da ake sarewa gunduwa-gunduwa a kasuwa, wanda mata ke soyawa da yamma a bakin titi, da Titus, da shawa, da kote, babu ko ɗaya da aka kama a gulabenmu. Wani daga ruwan Norwe ya fito, wani daga gaɓar Muritaniya, aka daskarar da shi a jirgi, aka sauke a Ikko ko Fatakwal, sa'an nan mota mai sanyi ta kwana tana tafiya da shi zuwa arewa. Hukumomin ƙasar nan suna ƙiyasta cewa abin da jama'a ke bukata na kifi a shekara ya haura tan miliyan 3, alhali abin da ake samarwa a gida bai wuce miliyan 1 da 'yan kai ba. Saura kuwa, abin da ya samu shigowa, da kuɗin waje ake sayensa.

Akwai kuma wata dangantaka wadda ta girmi wannan. Ruwan da ya sauka a yammacin ƙasar Katsina, ya gangara kogin Gada, ya cika madatsar Jibiya, yakan ƙetara iyaka ya shiga Nijar a kira shi Gulbin Maraɗi, ya karkato ya dawo ya faɗa Rima, Rima ta wuce Sakkwato da Argungu ta zuba a Kwara, Kwara ta sadu da Binuwai a Lokoja, daga nan su rankaya kudu, har su rarrabu baki-baki su shiga tekun Atlantika. Abin da muka zuba a rafi a nan, alheri ne ko sharri, akwai wanda yake zaune a can ƙarshen hanya yana jiransa.

Gaɓar tekun Nijeriya ta kai tsawon wajen kilomita 850, tun daga iyakar Jamhuriyar Benin har zuwa ta Kamaru, ta ratsa jihohin Legas da Ogun da Ondo da Delta da Bayelsa da Ribas da Akwa Ibom da Kuros Riba. A nan ne Ijo suke, da Ilaje, da Itsekiri, da Andoni, da Ibibiyo, da Ogoni, da Egun, mutanen da kwale-kwale yake a wurinsu dukiya da gado da abin hawa gaba ɗaya. Mazansu sukan fita tun da asuba, matansu kuma su ke da banda da ciniki, kuma daga hannun waɗannan ƙananan masunta, su da 'yan'uwansu na koguna da tafkuna, mafi yawan kifin da ake kamawa a ƙasar nan yake fitowa, ba daga manyan jirage ba. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan da kyau, domin a kansa sauran bayanin zai hau.

Allah Maɗaukakin Sarki ya hore wa ɗan Adam teku, ya halatta masa abin da ke cikinsa, har malamanmu na mazhabar Malikiyya suka tafi a kan cewa dabbar ruwa ba ta bukatar yanka. Sai dai yalwar ni'ima takan ruɗi mutum ya zaci ba ta da iyaka, kuma shekaru aru-aru haka aka ɗauki teku. Haƙiƙanin al'amari kuwa, kifi halitta ce mai lokacin haihuwa da lokacin girma. Yana da inda yake zuba ƙwai, yana da inda 'ya'yansa ke ɓuya har su yi ƙarfi, kuma a gaɓarmu wannan maɓuya ita ce bakin koguna da dazuzzukan nan na itatuwa masu tsiro cikin ruwan gishiri, waɗanda saiwoyinsu ke fitowa waje su sarƙe da juna, har babban kifi ba ya iya kutsawa. Muddin abin da ake ɗiba a shekara bai wuce abin da aka haifa ya girma ba, to, arzikin yana nan har jikoki. Ranar da aka wuce wannan haddi, aka kama uwa da ƙwai a cikinta, aka kwashe ƙanana tun ba su yi haihuwar fari ba, an zama kamar manomin da ya ci gero ya haɗa da irin shuka: ya ƙoshi da rani, damina kuwa ta same shi da gona ba abin da zai binne.

Kada a zaci wannan tsoratarwa ce kurum. A gabashin Kanada, daura da tsibirin Niyufanlan, akwai wani fagen su wanda Turawa suka yi kusan shekara 500 suna kwasar kifi a cikinsa, irin kifin nan da ake busarwa ya yi tauri kamar icce. Da aka ƙera manyan jirage masu jan taru a ƙasan teku, masu na'urar gano inda garken kifi yake, masu ɗakin ƙanƙara a cikinsu yadda za su yi watanni ba su koma gida ba, sai aka cinye cikin shekaru kaɗan abin da kakanni suka kasa ragewa. A 1992 gwamnatin Kanada ta rufe sun wannan kifi, mutane dubun dubata suka wayi gari ba sana'a, garuruwan gaɓa suka yi ta watsewa, kuma aka shafe fiye da shekara 30 kafin a sake buɗe shi, shi ma kaɗan-kaɗan. Masu manyan jirage sun juya akala zuwa wasu tekuna. Mai ƙaramin jirgi, wanda ba shi ya yi ɓarnar ba, shi ya zauna da ita.

Daga cikin tekunan da aka juyo gare su har da namu na Afirka ta Yamma. Jiragen Turai da na Rasha da na Sin suna su a ruwan Muritaniya da Senegal da Gini da Gana, wasu da izini, wasu da dare a ɓoye, wasu kuma da tutar ƙasar da suke ciki alhali masu su na wata nahiya. Abin da ya fi ɓata rai shi ne masana'antun da aka kakkafa a Muritaniya da Senegal da Gambiya, inda ake niƙa ƙananan kifaye dangin shawa, abincin talaka, a mai da su gari, a fitar waje domin ciyar da kifin kiwo da dabbobi. Sai an niƙa kilo 4 ko 5 na ɗanyen kifi kafin a sami kilo 1 na wannan gari. Watau an ɗauke abinci daga akushin mai bukata an kai wa dabbar mawadaci, matan da suka gaji banda kuma sun rasa abin sawa a wuta, samarin da suka gaji koma sun ɗauki kwale-kwalen nan nasu sun nufi tsibiran Kanari na Sifen, da yawa ba su isa ba.

Duniya ba ta rasa doka a kan wannan ba. A 1982, a garin Montego Bay na ƙasar Jamaika, aka sa hannu a kan Yarjejeniyar Dokar Teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta fara aiki a 1994, Nijeriya kuwa tana cikin waɗanda suka amince da ita. Bisa ga wannan yarjejeniya, mil 12 na farko daga gaɓa ƙasar mai gaɓa ne sosai, sa'an nan har zuwa mil 200, wajen kilomita 370 ke nan, duk abin da ke cikin ruwa da ƙarƙashinsa, kifi ne ko mai ko gas, ita ke da ikon cin moriyarsa, kuma a wuyanta alhakin tattalinsa yake. A gida kuma, dokar sun teku ta 1992 ta hana jirage masu jan taru shiga mil 5 na farko, domin a bar wa masu kwale-kwale wannan yanki, a kuma bar wa kifi wurin haihuwa. Hukunci ne mai hikima. Sai dai masuntan gaɓa sun daɗe suna kukan cewa jiragen, musamman masu farautar jatan lande, sukan kutso da dare, su yayyaga musu koma, su kwashe ƙananan kifaye masu yawa waɗanda ba su suka fito nema ba. Dokar da ba ta da mai tsaronta a kan ruwa, mai ƙarfi yakan karanta ta ya wuce.

Sa'an nan ga man fetur. An same shi a Oloibiri a 1956, tun daga lokacin kuma kuɗinsa ya shiga kowane lungu na ƙasar nan. Hanyoyin da muke bi a Katsina, da makarantu, da asibitoci, da albashin ma'aikata, kaso mai yawa nasu daga wannan mai yake, kuma adalci ya wajabta mana mu san abin da masu wurin suka biya. A 2011 Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoton bincikenta a kan ƙasar Ogoni, ta ce gyaran ɓarnar da mai ya yi wa ƙasa da ruwa da dazuzzukan gaɓa zai iya cin shekara 25 zuwa 30. A garin Bodo, bututun mai ya fashe har sau biyu a 2008, man ya malale cikin rafuffukan da jama'a ke su, kuma sai a 2015, bayan an kai ƙara kotun London, kamfanin Shell ya yarda ya biya diyyar fam miliyan 55. Shekara bakwai ke nan masunci yana duban ruwan da ubansa ya bar masa, ba ya iya jefa koma a ciki. Wanda ya san abin da fari ya yi wa ƙasar Hausa a 1973 da 1984 ba ya bukatar a yi masa dogon sharhi a kan halin mutumin da abincinsa ya mutu a gabansa.

Wani lokaci kuma ba kifin ake ƙwacewa ba, gaɓar ce kanta. Da ƙasar bakin ruwa ta yi tsada a Ikko, an rushe wani sashe na Makoko a 2012, unguwar masunta masu gidaje bisa turaku a kan ruwa, an kuma tashi mutanen Otodo Gbame a 2016 da 2017. Masuncin da aka raba da bakin ruwa an raba shi da sana'arsa, ko da an ba shi ɗaki a wani wuri.

To, ina magani? A ganina ba sai mun tafi nesa neman asalinsa ba, gama masuntan ƙasar Hausa sun san shi tun kafin a rubuta yarjejeniyar Montego Bay. A Kabi, inda su yake sana'ar gado, ruwa yana da shugaba. Akwai Sarkin Ruwa, akwai gurabun da ba a taɓawa sai an buɗe, akwai lokacin da ake ɗaga wa kifi ƙafa. Bikin Argungu da duniya ta sani, wanda ya samo siffarsa ta yanzu daga ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai wa Sarkin Kabi Muhammadu Sama a 1934, wanda kuma hukumar UNESCO ta sa cikin gadon al'adun duniya a 2016, mutane sukan kalli giwan ruwan da aka fito da shi su yi mamakin girmansa, su manta da dalilin girman. Dalilin kuwa shi ne an kame hannu daga Matan Fada, ruwan da ake yin bikin a cikinsa, a sauran kwanakin shekara. Ranar da aka buɗe kuma, kowa da gorarsa da komarsa ta hannu yake shiga, a lokaci guda, babu wanda aka yarda ya riga wani. Ga tattali, ga adalci, a cikin al'ada guda. Haka kuma a gaɓar Gana, masuntan Fante da na Ga sun gaji barin fita teku ranar Talata, tun ba a san wani ma'aikacin gwamnati ba.

Shari'a ma ta zo da asalin wannan. Malamai sun karantar da mu cewa ruwa da makiyaya suna cikin abubuwan da jama'a ke tarayya a kansu, ba a mallake su a hana mabukaci, kuma shugaba yana da ikon keɓe wuri ya hana taɓa shi saboda maslahar jama'a, kamar yadda aka keɓe Naƙi'u kusa da Madina tun zamanin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Sharaɗin da suka gindaya shi ne keɓewar ta zama domin amfanin kowa, kada shugaba ya keɓe wa kansa ko wa mawadata. Sun kuma haramta israfi, sun haramta cutarwa, sun gabatar da tunkuɗe ɓarna a kan jawo amfani. Wanda ya auna al'amarin teku da wannan ma'auni ba zai ɓata ba.

Amma kada mu yabi kanmu fiye da kima, domin abin da manyan jirage ke yi a teku, mu ma muna yin gwargwadon ƙarfinmu a ruwayenmu. Akwai mai zuba gubar gamalin a gurbi ya kashe babba da ƙarami, ya kuma sayar wa Musulmi su ci. Akwai mai su da gidan sauro, wanda aka raba domin kare yara daga zazzaɓi, idonsa kuwa ko ɗan tsako na kifi ba ya tsallakewa. Dokar sun ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta hana guba da nakiya da lantarki, amma ba a daina ba. A tafkin Kainji, wanda ya samu bayan an gama madatsar a 1968, tarun nan mai ƙananan ido da ake kira dala ya yi wa kifi illa har aka hana shi a shekarun 1990, kuma abin lura, hanin ya fi kamawa a lokacin da aka jawo sarakunan ruwa da masunta kansu cikin shawara da tsaro. A tafkin Chadi, wanda faɗinsa ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960 kafin ya janye ya bar kaɗan daga cikin haka, inda Hausawa masu yawa suka yi ƙaura suka zauna a Baga da tsibirai, an ga yadda masu hali ke jera gura su datse mashigar ruwa gaba ɗaya, abin da ake kira dumba, wanda ke bayansu kuwa ya tashi da koma wayam. Mutanen Hadeja da Nguru kuma suna da nasu labarin, tun da aka datse ruwa a Tiga da Challawa ambaliyar da ke cika musu fadamu ta canja. Ko'ina ka duba, siffar zaluncin guda ce: wanda yake sama, ko wanda ya fi ƙarfin kayan aiki, ya ɗebe kafin abin ya iso ga na ƙasa.

Saboda haka ne nake ganin kuskure ne babba a raba maganar tattali da maganar adalci, a ce bari a ceci kifi tukuna, haƙƙin mutane ya biyo baya. Masuncin da aka ce ya ajiye komarsa wata guda, kamar yadda gwamnatin Gana ta umarci masu kwale-kwale a 2019, yana da iyali da za su ci a cikin wannan wata. In ba a yi masa tanadi ba, in kuma yana hangen fitilun manyan jirage suna aiki a ruwan da aka hana shi, lalle zai karya doka, kuma da wuya mai hankali ya ga baƙinsa. Amma in aka fara da mai ƙarfi, aka tsare mil 5 ɗin nan da gaske, aka bayyana wa jama'a sunan kowane jirgi da aka ba izini da abin da ya biya, aka mai da wani kaso na kuɗin ga garuruwan gaɓa ta hanyar asibiti da makaranta da wurin ajiya mai sanyi da murhun banda wanda ba ya cin ido da ƙirjin mata, aka kuma zaunar da shugabannin masunta, maza da mata, a majalisar da ake yanke shawara, sa'an nan ne talaka zai zama mai gadin ruwa da kansa, domin ya tabbata abin da ya bari yau shi zai same shi gobe, ba baƙo ba.

An ɗan motsa a 'yan shekarun nan. A watan Yuni na 2022 Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, ƙarƙashin shugabancin Ngozi Okonjo-Iweala, ta cimma yarjejeniyar hana gwamnatoci tallafa wa jiragen da ke sun haram ko masu kwasar kifin da ya riga ya yi ƙaranci, domin da yawa daga jiragen nan masu zuwa daga nesa, ba don tallafin mai da gwamnatocinsu ke ba su ba, da tafiyar ba ta biya su ba. A watan Agusta na 2023 kuma Nijeriya ta kafa ma'aikata ta musamman domin harkokin teku da arzikinsa, aka naɗa Adegboyega Oyetola ministanta na farko. Kafa ma'aikata abu ne mai sauƙi a kan tsare ruwa. Abin da za a auna ta da shi shi ne ko mai kwale-kwale a Ilaje ko Andoni ya ga canji a komarsa. 'Yan majalisar da muke zaɓa daga Katsina suna da ƙuri'a a kan kasafin wannan ma'aikata da dokokinta daidai da na Bayelsa, kuma halal ne mu tambaye su abin da suka yi da ita.

Tambayoyi da aiki

1. Bayyana da kalmominka dalilin da ya sa aka hana manyan jirage su a mil 5 na farko daga gaɓa, da abin da ke faruwa in ba a tsare wannan doka ba.

2. Wane sharaɗi malamai suka gindaya wa shugaba kafin ya keɓe wuri ya hana jama'a taɓa shi? Yaya wannan sharaɗi ya shafi hutun su?

3. Ku kasu ƙungiya-ƙungiya, kowace ta nemi wani dattijon masunci na Ajiwa ko Jibiya ko Zobe, ta tambaye shi irin kifayen da yake kamawa yana saurayi, tarwaɗa ce ko karfasa ko ragon ruwa ko bargi, da girmansu a da da yanzu, da faɗin idon komar da ake aiki da ita, da wanda ke da ikon buɗe ruwa ko rufe shi. Ku rubuta amsarsa a littafinku, ku kawo aji mako mai zuwa.